Hular kwano a ƙasashen dusar ƙanƙara: darasi kan tsare kai

Masu karatu, darasin lafiya na wannan fitowa zai kai mu nesa, can ƙasashen sanyi na Turai da Amurka. Mutanen can suna da wani wasa da suke yi a kan duwatsu lokacin hunturu. Wasan yana da daɗi a wurinsu, amma yana fasa kai. A hunturun 2002 zuwa 2003, mutum 25 ne kawai bisa 100 na masu wannan wasa a Amurka suke sa hular kwano. A hunturun 2021 zuwa 2022, sun kai mutum 90 bisa 100. Cikin shekara 20, abin da ake yi wa dariya ya zama al'ada. Za mu duba dalilin wannan canji, mu ga aikin da hular take yi da wanda ba ta iya yi.

Inda ake wasan

Ƙanƙarar da muka sani ita ce mai saukowa tare da ruwan sama, mai tauri kamar tsakuwa. Dusar ƙanƙara daban ce. Fara ce fat, tana saukowa a hankali kamar audugar rimi idan sanyi ya kai inda ruwa ke daskarewa. Tana taruwa a kan duwatsu, ta yi watanni ba ta narke ba.

Manyan wuraren wasan a Turai suna cikin duwatsun Alp, waɗanda suka ratsa Faransa da Suwis da Italiya da Ostiriya da Jamus. Mafi tsawo a cikinsu, Mont Blanc, ya kai wajen mita 4,800. Dutse mafi tsawo a Nijar, wanda ke cikin duwatsun Bagzam, bai wuce mita 2,000 da ƴan kai ba. A Afirka ma ana wasan a duwatsun Maroko da na Lesoto.

Wasan iri biyu ne. Na farko sunansa siki. Mutum yana ɗaura dogon falanki siriri a kowace ƙafa, ya riƙe sanda a kowane hannu, ya zame daga bisa dutse zuwa ƙasa. Na biyu shi ne zamiyar allo. A nan ƙafafu biyu suna ɗaure a kan allo guda mai faɗi, mutum yana tsaye a kaikaice, kuma babu sanda. An shigar da zamiyar allo cikin wasannin Olimfik na hunturu a 1998, a birnin Nagano na ƙasar Japan.

Daga ina hatsarin yake?

Sabuwar dusar ƙanƙara taushi gare ta. Amma a hanyar da ɗaruruwan mutane ke bi kullum, takan danne ta yi tauri, wani wurin har ta zama kamar daɓen siminti. Ƙarƙashinta akwai duwatsu da ido ba ya gani. A gefen hanya akwai itatuwa da turakun ƙarfe. A kan hanya kuma akwai sauran masu wasa.

Sai kuma gudu. Masu wasa na yau da kullum sukan kai kilomita 40 a awa, wato gudun moto cikin gari. Gwanayen gasa sukan wuce kilomita 130 a awa.

Kowane wasa da irin faɗuwarsa. Mai siki ya fi murɗe gwiwa. Mai allo, da yake ƙafafunsa biyu a ɗaure suke, ba ya iya taka ƙafa ɗaya ya tare kansa. Idan gefen allon ya kama ƙanƙara, sai ya kife ta gaba ya karya wuyan hannu, ko ya faɗi da baya ya buga ƙeya. Ƙafa da hannu idan sun karye ana ɗora su. Rauni a kai kuwa shi ne kan gaba wajen kashe masu waɗannan wasanni.

Abin da ke cikin kai

Ƙwaƙwalwar babban mutum ta kusa kilo ɗaya da rabi. Taushi gare ta ƙwarai. Tana zaune cikin ƙoƙon kai, tantani ya lulluɓe ta, wani ruwa kaɗan ya kewaye ta. Ita ke tafiyar da gani da ji da magana da motsi da numfashi.

Ku ɗauki misalin ƙwai a cikin gwangwani mai murfi. Idan aka buga gwangwanin da bango, zai tsaya nan take, amma ƙwan zai ci gaba da tafiya har ya bugi gefe. Haka ƙwaƙwalwa take yi idan kai ya tsaya farat ɗaya. Daga nan abu huɗu na iya faruwa:

1. Fatar kai ta tsage. Jini yakan zuba da yawa, amma wannan shi ne mafi sauƙi.
2. Ƙoƙon kai ya tsage ko ya lotsa.
3. Ƙwaƙwalwa ta girgiza. Mutum ya ga jiri, ya ruɗe, ya manta abin da ya faru, ko ya suma.
4. Jijiyar jini ta fashe a ciki. Ƙoƙon kai ba ya buɗewa, saboda haka jinin ba shi da wurin zuwa. Sai ya taru ya danne ƙwaƙwalwa. Wannan yana kisa idan ba a yi aikin tiyata da sauri ba.

Yadda hular take aiki

Hular wasan siki tana da sassa uku. Akwai ɓawon waje, na roba mai tauri. Shi ke hana dutse mai tsini ko reshe huda kai, kuma yana baza ƙarfin bugu a wuri mai faɗi. Akwai cikin hula, wanda aka yi da farin abin nan mara nauyi da ake tokare sabon rediyo ko talabijin da shi cikin kwali. Akwai kuma maɗauri da ke bi ta ƙarƙashin haɓa.

Babban aiki na wannan farin abu ne. Idan kai ya bugu, shi ne ke lotsewa. Lotsewar tana sa kai ya tsaya a hankali maimakon farat ɗaya, sai ƙarfin da ke isa ƙwaƙwalwa ya ragu. Mai ɗaukar tulu ta san amfanin gammo. Bambancin shi ne gammo yana komawa yadda yake, cikin hula kuwa idan ya lotse ya lotse ke nan. Shi ya sa hular da ta sha babban bugu sau ɗaya ta gama aikinta, ko da ba a ga tsaga a bayanta ba.

Abin da likitoci suka ƙidaya

A hunturun 2002, likitoci a ƙasar Norwe sun bi sawun waɗanda suka ji rauni a manyan wuraren wasa 8. Cikin mutum 3,277 da suka ji rauni, 578 a kai ne, wato wajen mutum ɗaya cikin shida. Da suka gwada masu hula da marasa hula, sai suka ga hula ta rage hatsarin raunin kai da kashi 60 bisa 100. An buga wannan sakamako a 2006.

A 2010, masana a ƙasar Kanada sun haɗa bincike 12 da aka yi a ƙasashe daban-daban. Lissafinsu ya ba da ragin kashi 35 bisa 100. Ma'anar wannan ita ce, inda mutum 100 marasa hula za su ji rauni a kai, wajen 65 ne za su ji idan duka suna da hula.

Wannan bincike ya amsa wata tambaya kuma. Wasu suna cewa nauyin hula yana karya wuya, musamman wuyan yara. Masanan sun duba, ba su ga ƙarin raunin wuya ga masu hula ba.

Mutane uku da duniya ta ji labarinsu

Ran 1 ga Janairu 2009, Dieter Althaus, shugaban gwamnatin wata jiha ta Jamus, yana wasan siki a Ostiriya. Ya yi karo da wata mata mai shekara 41. Shi yana da hula, ita ba ta da ita. Ya ji babban rauni a kai amma ya rayu. Matar ta rasu a ranar. Kotu ta same shi da laifin kisa ta hanyar sakaci, ta ci shi tara. Bayan wannan hatsari, mutane sun yi rububin sayen huluna a Jamus da Ostiriya.

Ran 16 ga Maris 2009, Natasha Richardson, ƴar wasan kwaikwayo daga Ingila, tana koyon siki a Mont Tremblant, cikin lardin Kebek na Kanada. A hanyar ƴan koyo take, tare da malamar wasan, kuma ba ta da hula. Ta faɗi ta buga kai. Ta tashi tana magana lafiya lau, ta ce ba ta bukatar likita, ta koma masaukinta. Daga baya ciwon kai ya taso mata. Kafin a kai ta babban asibiti, hali ya tsananta. Ta rasu ran 18 ga Maris, tana da shekara 45. Likitan da ya duba gawar ya ce jini ne ya taru tsakanin ƙoƙon kai da tantanin ƙwaƙwalwa.

Ran 29 ga Disamba 2013, Michael Schumacher, Bajamushen da ya ci kambin duniya na tseren motoci sau 7, yana siki da ɗansa a Meribel, cikin Faransa. Ya shiga wani wuri da ke tsakanin hanyoyi biyu da aka gyara, ya faɗi ya buga gefen kansa na dama a kan dutse. Hularsa ta fashe. Aka ɗauke shi da jirgi mai saukar ungulu, aka yi masa aiki a asibitin Girenobul. Likitocinsa sun ce da ba shi da hula, da bai iso wurinsu da rai ba. Ya yi watanni cikin dogon suma. A Satumba 2014 aka mayar da shi gida, kuma tun hatsarin bai sake fitowa bainar jama'a ba.

Labarin farko ya nuna cewa wani na iya bankar ka ko kana tafiyarka daidai. Na biyu ya nuna cewa ƙaramar faɗuwa tana kisa, kuma tashi da magana ba shaidar lafiya ba ce. Na uku ya nuna cewa hula tana ceton rai, amma ba ta mayar da mutum yadda yake a da.

Dokoki

Italiya ta tilasta wa yara ƴan ƙasa da shekara 14 sa hula daga 2005. A 2022 ta ɗaga dokar zuwa shekara 18. Daga Nuwamba 2025 dokar ta hau kan kowa, babba da yaro. A Ostiriya, yawancin jihohi sun tilasta wa yara har zuwa shekara 15. Jihar New Jersey ta Amurka ta yi tata doka ta ƴan ƙasa da shekara 18 a 2011. Lardin Nova Scotia na Kanada ya tilasta wa kowa a 2012.

Suwis kuwa ba ta yi doka ba. Duk da haka, masu sa hula a can sun tashi daga 16 bisa 100 a hunturun 2002 zuwa 2003, sun wuce 90 bisa 100. An yi ta faɗakarwa. Masu koyar da wasan sun sa, iyaye sun sa wa ƴaƴansu, daga baya su ma suka ji kunyar fita kai tsirara. Masu ƙera huluna kuma sun rage musu nauyi, sun yi su masu ɗumama kai da kunne, sai suka maye gurbin hular sanyi.

Iyakar hula

Kafin a sayar da hular siki a Turai, ana gwada ta bisa wata ƙa'ida mai lamba EN 1077. Ana sa mata wani abu mai siffa da nauyin kan mutum, a sako ta daga tsawon mita ɗaya da rabi. Wannan daidai yake da bugu a gudun kilomita 20 a awa.

A nan akwai lissafin da ya kamata a riƙe. Idan gudu ya ninka sau 2, ƙarfin bugu yana ninkawa sau 4. Idan gudu ya ninka sau 3, ƙarfin yana ninkawa sau 9. Wanda ya bugi itace kai tsaye a gudun kilomita 40, kamar ya faɗo ne daga tsawon mita 6. Wannan ya fi ƙarfin abin da aka gwada hular a kansa. Dalili ke nan da ya sa a Amurka ake rasa wajen mutum 40 kowane hunturu, kuma da yawansu da hula a kai. Galibi gudu ne da karo da itace.

Hula ta fi ƙarfi wajen hana tsagewar fata da fashewar ƙoƙon kai. Girgizar ƙwaƙwalwa kuwa tana iya faruwa ko da hula. Saboda haka hukumar wasan siki ta duniya ta kafa ƙa'idoji 10 na zaman lafiya a kan dutse. Daga cikinsu akwai waɗannan: kowa ya yi gudu daidai gwanintarsa, na baya shi ke kauce wa na gaba, ba a tsayawa a wuri matsattse ko inda ba a hango mutum, kuma wanda ya ga hatsari wajibi ne ya taimaka. A Faransa ana yi wa hanyoyi alama da launi huɗu: kore na ƴan koyo, sai shuɗi, sai ja, sai baƙi na gwanaye.

Yadda ake zaɓen hula da sa ta

1. A auna kewayen kai da ma'aunin tela, sama kaɗan da gira. Adadin santimita shi ne lambar hula.
2. Hula ta zauna daidai, ta rufe goshi. Tsakanin gira da bakin hula kada ya wuce faɗin yatsa biyu.
3. A ɗaure maɗauri. Yatsa ɗaya ko biyu kawai za su iya shiga tsakaninsa da haɓa. Hular da ba a ɗaure ba takan fice kafin kai ya kai ƙasa.
4. A girgiza kai. Idan hula tana rawa, ta yi girma.
5. Kada a sa hula mai kauri a ƙarƙashinta.
6. Kada a saya wa yaro babba don ya girma a ciki.
7. Hular da ta sha babban bugu, a canza ta.

Bayan an buga kai

Wannan sashe ya shafi kowa, a kowace ƙasa. Duk wanda ya suma bayan bugun kai, ko na ɗan lokaci ne, a kai shi likita. Wanda bai suma ba, kada a bar shi shi kaɗai har kwana ɗaya ya cika. A garzaya da shi asibiti idan aka ga ɗaya daga cikin waɗannan alamu:

- ciwon kai mai ƙaruwa;
- amai fiye da sau ɗaya;
- barci mai nauyi da wuyar farkawa;
- ruɗewa, ko magana ta sarƙe;
- hannu ko ƙafa ya yi sanyi ba ƙarfi;
- jijjiga irin ta farfaɗiya;
- jini ko farin ruwa daga kunne ko hanci;
- baƙin ido ɗaya ya fi ɗayan girma, ko gani biyu-biyu.

Idan mutum yana kwance ya kasa tashi, kada a ja shi, kada a murɗa wuyansa, domin ƙashin wuya na iya karyewa tare da bugun kai. Kada a cire masa hula sai idan tana hana shi numfashi. Kada a ɗura masa ruwa ko wani abin sha. Idan dole ne a ɗauke shi, a sa mutum ɗaya ya riƙe kai da wuya a miƙe da sauran jiki.

Abin da ya shafe mu

Babu dusar ƙanƙara a Maraɗi ko Damagaram ko Tawa. Amma ƙoƙon kan mutum iri ɗaya ne ko'ina, kuma gudun kilomita 40 da ke fasa kai a duwatsun Alp shi ne gudun da ɗan kabu-kabu ke yi da fasinja a baya. Wani babban nazari na 2008 ya nuna cewa hular moto tana rage mutuwa da wajen kashi 42 bisa 100, tana rage raunin kai da wajen kashi 69 bisa 100.

Sai dai kowane aiki da hularsa. Ta siki ba ta isa moto ba, haka ma ta magina. A Janairu 2009, da aka fara tilasta dokar hula a Najeriya, an kama wasu masu babur da ƙwarya a kai. Yanzu kun san abin da ƙwarya ta rasa: ba ta da cikin da ke lotsewa, ba ta da maɗauri. Idan za ku sayi hula, ku leƙa cikinta, ku danna farin abin nan ku ji kaurinsa, ku ja maɗaurin ku ga ƙarfinsa. Idan kun sa, ku ɗaure. Rigakafi ya fi magani. Allah ya tsare mu.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Waɗanne ne sassa uku na hular kwano, kuma mene ne aikin kowane?
2. Me ya sa ake canza hular da ta sha bugu ko ba ta tsage ba?
3. Natasha Richardson ta tashi tana magana bayan ta faɗi. Me ke faruwa cikin kanta a lokacin?
4. Idan gudu ya tashi daga kilomita 20 zuwa 60 a awa, sau nawa ƙarfin bugu ya ninka?
5. Ku faɗi alamu biyar da za su sa a garzaya da mutum asibiti bayan ya buga kai.
6. Suwis ba ta yi doka ba, amma mutanenta sun rungumi hula. Su wa suka fara, kuma a garinku su wa za su iya farawa?